Ta Ina Zan Fara Neman Kakan Mahaifina a Takardun Zamanin Nasara?

"Assalamu alaikum, Baba Malam. Ni haifaffen Yamai ne, a unguwar Bukoki na tashi, amma asalinmu Adar ne, wani ƙauye tsakanin Tahoua da Keita. Kakan mahaifina ana ce masa Tanko. An ce Nasara sun ɗauke shi soja, ya yi shekaru har aka fid da rai, sannan ya dawo ya yi aure. Ya rasu kafin a haifi mahaifina a 1958. Ba mu da hotonsa, ba mu san sunan ubansa ba. Na sa sunansa a intanet ban ga komai ba. Shin akwai wata tsohuwar rajista da ake rubuta asalin mutane wadda zan je in duba? Ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, tunda ka damu da mutumin da ko inuwarsa ba ka taɓa gani ba. Tambayarka gida biyu ce: ko akwai wani babban littafi da aka jera asalin mutane a ciki, da kuma ta inda za ka kama bakin zaren Tanko. Ta farkon amsarta gajera ce, babu. Babu a Tahoua, babu a Yamai, babu a Faransa. Ta biyun ita ce mai aiki, kuma a kanta zan daɗe, don na shafe shekaru ina taya iyalai irin wannan nema. Wasu mun dace, wasu kuwa ƙura kawai muka kwaso a riga.

Intanet ba ta ɓoye maka komai ba. Shafukan neman asali da ka gani an gina su ne a kan abin da Turawa suka gada: littattafan coci inda ake rubuta kowane jariri da sunan iyayensa, da takardun aure, da jerin sunayen fasinjojin jirgin ruwa. Mu kuwa ranar suna a yanka rago, liman ya raɗa suna, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, wanzami ya yi aski, a raba goro a watse. Rajistarmu ke nan, kuma a kan mutanen da suka halarta take zaune. Da Nasara suka zo, ba tarihin gidanku ya kawo su ba. Rubuta haihuwa a farkon mulkinsu na Turawa ne da ƴan tsirarun da ke kusa da su. A shekarun 1930 aka wajabta shi a kan wasu rukunoni kamar ma'aikata da sojoji da sarakuna, sai wajejen 1950 aka faɗaɗa shi ga mazauna kusa da cibiyoyin gwamnati. Manomin da ke bayan duwatsun Keita duk wannan bai shafe shi ba. Shi ya sa in ka ɗauko katin kakanka za ka ga an rubuta "né vers", wato an haife shi wajejen shekara kaza. Takardar haihuwarsa ma ta alƙali ce, wadda ake kira "jugement supplétif", da aka yi da shaidu ranar da buƙata ta taso, ƙila yana da gemu a lokacin. Magatakarda ya dube shi ya ƙiyasta masa shekaru, shi ke nan.

Talaka ta ƙofa uku yake shiga takardar Nasara: in za a karɓi lanho, wato haraji, in za a ɗauke shi soja ko aikin tilas, ko in ya tsaya gaban shari'a. Tanko ya shiga ta ƙofar soja, kuma ita ce ta fi sauran tsari, don soja ba ya ba mutum bindiga da albashi bai rubuta shi ba. Sa'arka ke nan. Sai dai takardar soja ba ta amsa kiran "Tanko" kawai. Tana son suna, sunan uba, gari, da shekara. Guda ɗaya ke hannunka, shi ma rabi.

Tanko ba sunan yanka ba ne

Tanko laƙabi ne na namijin da aka haifa bayan mata, kamar yadda ake ce wa wanda aka haifa lokacin noma Nomau, ko mai yatsa shida Cindo. A ƙarƙashinsa akwai sunan da liman ya raɗa, kuma kowanne daga cikin biyun na iya zama wanda aka rubuta a bariki. Saboda haka aikinka na farko ba a Yamai yake ba. Ka nemi hutu, ka hau mota zuwa Tahoua, ka ƙarasa ƙauyenku da goro da sukari da ganyen shayi, da littafin rubutu, da waya mai caji.

Kuskuren da matasa suke yi shi ne su zarce wajen dattawa maza a gindin bishiya su tsaya nan. Ka gaishe su, dole ne, amma asalin gida a wurin tsofaffin mata yake. Su suka san wa ya auri wa, ɗakin wa ya fito, wace ce aka sako ta tafi da ciki, wane ne agola wane ne ɗan gida. Matsalarsu ɗaya ce, alkunya. Na taɓa zama da wata tsohuwa a ƙasar Illela, ta haura tamanin, muna neman sunan uban mijinta. Ta ba ni labarinsa tun daga dokinsa har irin tuwon da ba ya ci, amma da na ce mene ne sunansa, sai ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Ɗiyana, ban hwaɗin sunanai." Na yi ta kewaye-kewaye, ta ƙi. Can sai ta ƙwala wa wani yaro kira, "Kai, mai sunan Baba!" Yaron ya zo da kwano a hannu, ta juya ga sauran yaran ta ce su gaya wa baƙo yadda ake kiransa a lakwal, wato makarantar boko. Suka haɗa baki suka ce Ilyasu. Ta yi murmushi ta ci gaba da tsinkar yakuwarta. Ba ta karya al'ada ba, ni kuma na samu abin da na zo nema.

Wannan ya koya mini abin da nake gaya wa kowa yanzu: sunayen matattu suna yawo a cikin gida a jikin rayayyu. Duk wanda ake kira Baba, Abba ko Babangida a danginku, takwaran wani kaka ne. Ka jera su, ka tambayi sunan yanka na kowanne da wanda aka mayar. Da wuya a ce Tanko ya haifi maza bai mayar da sunan ubansa ba. Mai yiwuwa sunan da kake cewa ba ku sani ba yana kan wani baffanka da kuke gaisawa kowace salla.

Kada ka yi tambaya a bushe. "Wane ne uban Tanko?" takan jawo "Allahu a'alamu." Amma "gonar nan ta fadama wa ya sare ta?" ko "rijiyar nan wa ya gina?" takan buɗe baki, don iyakar gona ba a mantawa da ita, kuma da sunan mai sara ake kare ta. Ka tambayi kufan da aka taso, da dalilin tashi. Ka nemi wanzamin gidanku, don wanzanci gado ne, kuma ya san irin askar da ake yi wa zuriyarku da inda aka samo ta. Ka nemi maroƙa da makaɗa su yi maka kirarin gidan. Kirari yana da ƙari, kowa ya sani, amma jerin "ɗan wane jikan wane" da ke ciki ba kasafai suke ƙirƙirarsa ba, don a bainar jama'a suke faɗa, kuma akwai masu gyara musu. Ka riƙa ganin mutane ɗaya-ɗaya. In ka tara su, wanda ya fi murya ko muƙami shi zai yi magana, sauran su ce haka ne. Kuma kada ka sa musu amsa a baki. In ka ce "ashe ba yaƙin Hitila ya je ba?" za a ce maka i don a faranta maka.

Yadda ake ƙirga shekarun da ba a rubuta ba

Tsofaffi ba sa riƙe lamba, amma suna riƙe abin da ya faru. Aikinka shi ne ka rataya rayuwar Tanko a jikin abubuwan da aka san shekararsu. Ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ƙone Birnin Ƙwanni a 1899. Yunwar da ake kira Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ce. Yaƙin Kawsan, jagoran Abzinawan da suka yi wa Nasara bore, a Abzin, da kewaye Agadas, daga ƙarshen 1916 ne zuwa 1917. An yi fara da yunwa mai tsanani a yammacin ƙasar nan a 1931. An soke aikin tilas a 1946. Ƙuri'ar i ko a'a, wadda Djibo Bakary da Sawaba suka ce a'a, ta Satumban 1958 ce, shekarar haihuwar mahaifinka. Kowane yanki kuma yana da nasa sunayen na shekarun yunwa da annoba, kamar yadda mu muka sa wa ta 1984 El-Buhari. Ka rubuta su yadda aka faɗa maka, daga baya a daidaita. In tsohuwa ta ce "an ɗauke shi bayan Kakalaba, bai yi aure ba tukuna," ta ba ka abin da ya fi "né vers" na magatakarda inganci.

Bari mu gwada da abin da ka ba ni. Mahaifinka 1958. In kakanka yana da talatin zuwa talatin da biyar a lokacin, haihuwarsa ta faɗa wajejen 1923 zuwa 1928. Ka ce Tanko sai da ya dawo ya yi aure, ke nan ya dawo kafin wannan lokaci. Wannan ya fid da yaƙin duniya na biyu, da Indocin, da Aljeriya. Abin da ya rage shi ne yaƙin 1914 zuwa 1918, musamman babban ɗiban 1918 da Blaise Diagne, ɗan majalisar Faransa daga Senegal, ya jagoranta a yammacin Afirka, ko kuma ɗiban da ya biyo bayan dokar 1919, wadda ta mayar da aikin soja na shekara uku wajibi ko ba yaƙi, ana zagaya garuruwa kowace shekara ana tantance samari. Ni na fi karkata ga tsakanin 1915 da 1922. Amma ka riƙe lissafin da sassauci. A gidan mata da yawa, mutum yana iya haihuwar ɗan fari yana da ashirin da biyu, auta kuma yana da sittin da biyar. In kakanka auta ne, ko mahaifinka, lissafin zai ja baya da shekara ashirin ko fiye. Ka tambayi na nawa ne kowannensu a ɗakin uwarsa da kuma a gidan.

Wani abu kuma: ba duk wanda aka ce "Nasara sun ɗauke shi" ya zama tirayar ba, wato sojan Afirka a rundunar Faransa. Akwai gardin kumandan, wato masu gadin Bafaranshen da ke mulkin yanki, akwai masu raƙuma na sintirin arewa, akwai masu dako da aka kora da kaya a ka, akwai waɗanda aka tantance aka tura aikin hanya da gini. A bakin jikoki duk sukan koma "soja." Ka tambaya ko ya haye teku, ko ya dawo da wasu kalmomi na Faransanci ko Bambaranci, ko ana zuwa Tahoua karɓar masa kuɗi.

Takardar soja

Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, ka sa a buɗe tsoffin akwatuna. Tsohon soja yakan dawo da ɗan littafinsa na aiki, wani lokaci da lambar yabo, kuma iyali sukan adana su kamar laya ko da ba mai iya karantawa. Na ga wanda aka fito da shi daga cikin gwangwanin madara, an naɗe da tsumma, an tura ƙarƙashin tasoshin jere na wata tsohuwa. Gara ta cinye gefe ɗaya, sunan ya tafi, amma lambar aiki da shekarar ɗauka suna nan. Waɗannan biyun, "matricule" da "classe", su ne mabuɗi. Da su nema ya zama aikin wasiƙa ɗaya. Ba su kuwa, sai an bi suna, kuma a nan wahala take.

Wahalar ita ce rubutun suna. Saurayi ya faɗi sunansa da Adaranci, tafinta wanda ƙila ba Bahaushe ba ne ya maimaita, Bafaranshe ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Yusufu ya koma Issoufou, Shu'aibu ya koma Chaïbou ko Seybou, Muhammadu ya rabu gida huɗu: Mahamadou, Mamadou, Mahamane, Mamane. Abubakar yana iya fitowa Boubacar ko Garba. Haruffa masu lanƙwasa duk sun ɓace, shi ya sa Ƙwanni ta zama Konni. Wani lokaci a sa sunan uba a gaba, wani lokaci a maye gurbinsa da sunan gari ko na ƙabila. Don haka ka rubuta kowane suna ta duk hanyar da Bafaranshe zai iya rubuta shi, har da sunan ƙauyen, da ƙasar sarkin da yake ƙarƙashinta a lokacin, ko Kalfu ce, ko Tamaske, ko Keita. Iyakokin mulki sun sha canzawa, kada ka ɗauka inda kuke biyan haraji yau nan ake biya a 1918.

Da wannan a hannu, ka fara da ofishin tsoffin sojoji a nan Yamai, musamman in an ce ana karɓar masa fansho. Ba kowa ya samu fansho ba, sai wanda ya daɗe a aiki ko ya samu rauni, amma wanda ya samu ya bar sawu mai zurfi. Sannan ka rubuta wa cibiyar ajiyar takardun ma'aikatan soja da ke garin Pau a Faransa, inda ake ajiye bayanan sojojin tsoffin ƙasashen da suka mallaka. Abin da za ka nema sunansa "état signalétique et des services." Takarda ce da ke ɗauke da sunan soja, sunan ubansa da na uwarsa, garinsu, tsawonsa, alamun jikinsa, rundunonin da ya zauna, inda aka kai shi, da ranar sallama. Layin "fils de", wato "ɗan wane", shi ne amsar tambayarka. Layin alamun jiki kuma shi ke raba gardama in an samu masu suna ɗaya, don a nan akan ambaci zanen fuska, kai kuma ka riga ka ji daga wanzami irin na gidanku. Ka haɗa da takardun da ke nuna dangantakarka da shi, ka rubuta da Faransanci, ka yi haƙuri, don amsa takan ɗauki watanni. Akwai kuma shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar sojan Faransa, amma jerin da ya fi amfani a cikinsa na waɗanda suka mutu a yaƙi ne. Tanko ya dawo, saboda haka ba nan za ka same shi ba, sai dai ko abokan tafiyarsa da ba su dawo ba.

A nan zan ɗan ratse. Da zarar dangi sun ji kana bin takardun soja, wani zai ce akwai kuɗi, wani kuma zai bayyana ya ce ya san hanya in an ba shi jika kaza. Ka faɗa tun farko, a gaban kowa, cewa suna kake nema. Na ga zumuncin da ya lalace a kan kuɗin da babu su.

Abin da ke Yamai da abin da ke fada

Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai yana da amfani, amma ka san irin amfaninsa. Ba a jera takardun da sunayen mutane ba, an jera su ne da ofishin da ya rubuta da shekara. Ba za ka ce a ba ka fayil ɗin Tanko ba. Za ka ce a ba ka rahotannin rangadin kumandan na Tahoua na shekaru kaza, da bayanan da suka rubuta kan kowace ƙasa, da littattafan ƙidayar lanho in sun tsira, ka zauna ka karanta. Littafin ƙidaya shi ne zinariya, don ana rubuta mai gida da matansa da ƴaƴansa da dabbobinsa, gari-gari. Sai dai ka tuna don me ake ƙidayar. Mutane suna ɓoye ƴaƴa, suna rage wa samari shekaru don gudun lanho da soja, wasu su tsallaka iyaka zuwa ƙasar Sakkwato har rangadi ya wuce. Rashin suna a littafin ba ya nufin babu mutumin. Littattafan shari'a su ma suna da daɗi, don a rigimar gona ko gado kowane mai ƙara sai ya jero kakanninsa. In kuwa gidanku ya taɓa sarauta, ko ta mai gari ce, Nasara sun buɗe wa sarakuna fayil har da zanen zuriya.

Kada ka sa rai da yawa. Babban birnin ƙasar nan yana Damagaram har 1926 kafin a dawo da shi Yamai, manyan rahotanni kuma Dakar ake aika su, inda gwamnan yammacin Afirka yake, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Abin da aka bari a ƙananan ofisoshi ya sha wuya. Na taɓa bin wani littafin ƙidaya har wani ofishi a cikin jihar Tahoua, aka buɗe mini ɗakin ajiya, na tarar rufin ya yi yoyo damina da yawa. Na ɗaga littafin, bangonsa ya taso a hannuna, cikin kuwa ya zama ƙasar gara. Tun daga ranar, duk takardar da na samu sai na ɗauki hotonta kafin in karanta. Fadar sarakuna takan fi wasu ofisoshin riƙo, don magatakardan fada da dattawanta suna amfani da waɗannan bayanai wajen sasanta rigima. Ka bi ta hannun mai garinku, ka shiga da ladabi.

Don fahimtar ƙasar da Tanko ya tashi a ciki, ka leƙa cibiyar binciken IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni, wadda ke da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami da Boubou Hama ya aza harsashin tara su, da kuma CELHTO mai tattara tarihin baka. Binciken Farfesa Djibo Hamani kan Adar kafin zuwan Nasara zai nuna maka yadda Agabba, ɗan Sarkin Abzin, ya zo daga Agadas a ƙarni na 17, da yadda zuriyoyi suka zauna. Ba za ka ga sunan kakanka a ciki ba, amma za ka gane abin da tsofaffi ke nufi in sun ce "mu daga arewa muka gangaro."

In gidanku na malamai ne, akwai wata hanya da ta riga Nasara. Ka roƙi a buɗe gafaka. Mai kwafar littafi yakan rufe da sunansa da na ubansa, wani lokaci har kaka, da ranar da ya gama. A gefen shafi ko bayan bango akan rubuta haihuwa da rasuwa da wanda ya gaji littafin. Shekarar ta Hijira ce, kuma juya ta ba wuya: ka raba ta da 33, ka cire abin da ya fito daga cikinta, ka ƙara 622. Shekarar 1300 ta kama a ƙarshen 1882 ke nan. In ka ɗaga takardar ga haske ka ga jinjirin wata uku a jere, irin takardar Italiya ce da fatake ke kawowa ta hamada, alamar littafin ya tsufa.

Inda hanyar ke tsayawa

Bayan kaka na huɗu ko na biyar, jerin suna a bakin mutane yakan fara tsallake. Ana riƙe wanda ya kafa gari da waɗanda aka sani da ido, na tsakiya su zube, har jika ya koma ɗa. Daga can sama kuma kusan kowane gida sai ya ce daga gabas ya fito. Ka rubuta wannan da girmamawa, amma a shafi dabam da abin da ka tabbatar. Ni ƙa'idata ita ce ba na sa suna a jerin da na amince da shi sai na ji shi daga baki biyu da ba su haɗu ba, ko baki ɗaya da takarda ɗaya. Gwajin jini da ake tallatawa ba zai cike wannan giɓi ba. Yana iya nuna kusancinka da wani rayayye da shi ma ya yi gwajin, amma ba ya faɗin sunan kowa, kuma mutanenmu da suka yi shi kaɗan ne.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa, ni kuwa zan faɗa maka tunda ɗana ne kai. Lokacin ɗiban soja, sarakuna da masu hali da yawa ba sa ba da ƴaƴansu. Sukan tura ɗan talaka, ko maraya, ko baƙo, ko wanda ke hannunsu ta hanyar bauta, wani lokaci ma da sunan ɗan gidan da aka ɓoye. Ke nan kana iya samun takarda mai sunan da ba na Tanko ba alhali shi ne, ko mai sunansa alhali wani ne ya tafi. Kuma rashin sanin sunan uba, a Adar, wani lokaci mantuwa ce kawai, wani lokaci kuwa shiru ne da aka yi da gangan. Dokar Nasara ta hana cinikin bayi a 1905, ƙasarmu ta mayar da bauta laifi a 2003, amma har gobe maganar tana hana aure a wasu gidaje. Ban ce haka labarinku yake ba. Na ce in ka ga tsoho ya kai wani wuri ya canza zance, kada ka matsa masa a gaban mutane, kuma ka kashe na'urar ɗaukar murya. Ni a ganina ba abin kunya ba ne ga wanda aka zalunta, ballantana jikansa. Amma labarin ba naka ba ne kai kaɗai, na ƴan uwanka mata ne da ba su yi aure ba, na baffanninka ne da ke zaune a garin. Kafin ka sa wani abu a Facebook, ka zauna da mahaifinka.

Haka kuma in aka ce maka wani reshe na gidan ya tafi ci-rani bai dawo ba, ka rubuta inda aka ce ya nufa. Adarawa sun bazu a zangon Kumasi da Akara, da Kano, da Jos wajen haƙar kuza, wasu kuma sun kama hanyar Makka a ƙasa suka zauna a Sudan. Sau da yawa waɗanda suka yi nisa sun fi na gida riƙe jerin kakanni, don shi ne abin da suka tafi da shi.

Ka tafi bayan an gama girbi, lokacin da mutane ke zaune a gida kuma samari ba su watse ba tukuna, ka fara da wadda ta fi kowa tsufa. In ka dawo da sunan yanka, sunan ƙauyen yadda ake kiransa a da, da ko lamba ɗaya daga cikin akwati, ka aiko mini, zan taya ka tsara wasiƙar Pau.